Amana Kafin Linzami

Idan ana lissafin garuruwan dawaki a Arewa, da wuya a ji an fara da Jos. Kano da Katsina da Zazzau da Bida su ne a bakin mutane, saboda hawan sallah. Amma wanda ya san Jos ya san doki yana da gindin zama a cikinta. A nan rundunar 'yan sandan Najeriya take da makarantarta ta horar da 'yan sandan doki da na karnuka. Akwai kulob ɗin ƙwallon dawaki, wanda gasarsa take tara mahaya daga wasu garuruwan. A Vom, kudu da gari, akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, wadda take can tun 1924. Sannan ga dawakin cikin unguwa: na samarin da ke fita kilisa da yamma, da waɗanda ake haya don hawan angwanci, da waɗanda ake ɗora wa yara a wuraren shaƙatawa ranar sallah ko kirsimeti a ɗauke su hoto. Ƙasar ma ta karɓi doki, domin garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma sanyinsa ya daɗe yana rage wa dabbobi barazanar ƙudan tsando da cutar sammore. Abin da ya haɗa dawakin nan duka shi ne a tsakiyar jama'a suke aiki, kusa da ƙafafun yara da gilasan motoci. Saboda haka yadda aka hore su tun farko magana ce da ta shafi har wanda bai taɓa taka likkafa ba. Ra'ayina shi ne dokin da aka kafa horonsa a kan tukwici da amana ya fi wanda aka hora da tsoro aminci a cikin taro, ya fi shi daɗewa yana aiki, kuma idan aka yi lissafi na gaskiya ya fi shi araha.

Doki dabba ne da a daji farautarsa ake yi, kuma babban makaminsa shi ne gudu. Idanunsa suna gefe da gefe, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, ban da ɗan wurin da ke daidai bayansa da wanda ke dab da goshinsa. Shi ya sa wanda ya ɓullo masa ta baya ba zato yake shan harbi. Idan iska ta ɗauko leda ta wurga masa a ƙafa, zabura yake fara yi, dubawa ta biyo baya. Kuma abin da ya taɓa firgita shi ba ya saurin fita daga kansa. Mafi yawan abin da muke kira tutsu ko tirjiya ko mugun hali, idan aka bi sawunsa, ɗaya ne cikin uku: tsoro, ko ciwo, ko rashin gane abin da ake nema daga gare shi.

Hanyar da ta fi yaɗuwa, a nan da ƙasashe da yawa na duniya, ita ce ta fin ƙarfi. A ɗaure duƙushi a turke ya yi ta fizga har ya gaji, a sa masa dabaibayi, a cusa masa linzami, a aza sirdi a ja majayi duk a rana ɗaya, sannan a sami yaro mai ƙarfin hali ya haye ya yi ta tsula masa bulala har ya daina tsalle. Idan ya yi laushi sai a ce ya horu. Ba kowace barga ake haka ba, kuma akwai tsofaffin 'yan barga masu sanyin hannu da suke kwana kusa da dawakinsu, suna gane rashin lafiyar doki tun daga yadda ya tsayar da kunne. Amma ko a hannun mai tausayi, kayan aikin kansu suna da nasu zafin. A ɗauki linzamin gargajiya a juya shi a hannu. Yana da wani harshen ƙarfe da ke shiga can cikin baki, da zoben ƙarfe da ke zagaye haɓar ƙasa. Wurin zamansa shi ne gurbin da ba haƙora, tsakanin haƙoran gaba da turame, inda 'yar siririyar fatar dadashi ce kaɗai ta rufe ƙashi. Idan aka fizgi kamazuru, harshen ya daki ganɗa, zoben ya matse haɓa. Shi ya sa ake iya tsayar da ingarma yana cikin sukuwa da hannu ɗaya, shi ya sa kuma a ƙarshen hawa ake ganin kumfar bakin wasu dawakin ta koma ja. Shirun da doki ya yi bayan irin wannan horo ba ya nuna ya fahimci wani abu. Masu nazarin halayyar dabbobi sun daɗe da lura cewa dabbar da ta gwada kowace hanyar tsira ta ga babu mafita takan saduda ta daina gwadawa. Tsoron yana nan a ciki, an dai danne shi da wani tsoron. A nan ne haɗarin yake: abin da ke riƙe da irin wannan dokin shi ne tsoron bulala da linzami, to ranar da wani abu da ya fi su ban tsoro ya taso, ƙarar bindigar 'yan hawa ko jiniyar motar rakiya ko nokawut ɗin yara a watan Disamba, babu sauran abin da zai riƙe shi. Sai ka ji ana cewa dokin nan bai taɓa yin haka ba.

Dabba tana koyo ne daga abin da ya biyo bayan aikinta, kuma wannan shi ne abin da masanin Amurka B. F. Skinner ya yi ta gwadawa tun shekarun 1930. Hanya biyu ce ke sa ta maimaita abu. Ta farko, a ɗan matsa mata, idan ta yi abin da ake so a saki. Kowane mahayi yana amfani da wannan ko bai sani ba: ka matsa da ƙafa, doki ya taka, ka sassauta. Sakin nan shi ne darasin, kuma mahayin da bai iya saki a kan lokaci ba shi ke kashe bakin doki. Ta biyu, idan ta yi abin da ake so a ba ta abin da take so, wato tukwici. Duka kuwa ba ya cikin biyun. Duka yana iya dakatar da abu, amma ba ya gaya wa doki me zai yi a madadinsa, kuma kusan kullum a makare yake zuwa. Dokin da ya yar da mahayi ya gudu, aka kamo shi aka zane shi a bakin turke, abin da ya koya shi ne dawowa hannun mutum yana jawo duka. Gobe kamun zai fi wuya. Wannan fahimta ba ta jiya ba ce. Sojan Girka Zanofon, wanda ya rubuta littafi a kan hawan doki a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi gargaɗin kada mutum ya tunkari doki cikin fushi, ya kuma ba da shawarar a kyautata masa duk sanda ya yi abin da aka nema.

A aikace abin ba ya buƙatar kayan waje. Ana buƙatar sanda da aka ɗaura wa tsohuwar robar ruwa a baki, da 'yar jaka a ƙugu, da abin tukwici: karas da aka yanka ƙanana don kada ya shaƙe, ko ɗan dintsin dusa, ko ganyen harawa. A garin da buhunan karas ke jibge a kasuwar Farin Gada, wannan ba abin da zai gagari kowa ba ne. Mai horo yakan fara ne da shinge tsakaninsa da duƙushi. Ya miƙa sandar. Doki dabba ne mai son sanin abu idan hankalinsa a kwance yake, don haka zai miƙo wuya ya shinshina. A daidai lokacin da hancinsa ya taɓa robar, mai horo ya yi wata 'yar ƙara da harshe, ƙas, sannan ya jefa yankin karas a bokiti. Ƙarar nan ita ce zuciyar aikin. Doki yana haɗa sakamako ne da abin da yake yi a daidai wannan ƙiftawar ido, hannu kuwa ba ya isa jaka ya dawo da irin wannan saurin, don haka ƙarar ce ke gaya masa ga abin da ya yi daidai, tukwici yana tafe. Bayan 'yan maimaici za ka ga kunnuwansa sun miƙe gaba, yana bin sandar da ido, ya gane cewa shi ne ke jawo ƙarar da abin da ya yi. Minti biyar zuwa goma ya isa zama ɗaya, kuma a tashi tun bai gundura ba. Masu horar da dabbobin ruwa a Amurka ne suka fara yaɗa wannan dabara ta alamar sauti, wata daga cikinsu mai suna Karen Pryor ta kai ta ga jama'a da littafinta na 1984, sannan a shekarun 1990 masu dawaki irin su Alexandra Kurland suka ɗauko ta.

Daga taɓa sanda ake gina sauran, kaɗan kaɗan. Dokin da ya iya bin sanda zai bi ta ya taka gaba, ya ja da baya, ya sunkuyar da kai a sa masa ragama, ya hau bayan mota ranar tafiya gasa ba tare da mutum shida sun tura shi ba. Ɗaga ƙafa ana fara shi ne da shafa kafaɗa, sai gwiwa, sai ya ɗan sauke nauyinsa daga ƙafar, sai ya ɗaga ta na ƙiftawar ido, har a kai ga ya tsaya a gyara masa kofato. Sirdi ma haka: yau zubka kaɗai, gobe sirdi ba majayi, jibi majayi a sako-sako. Idan ya ɗaga kai ya ƙame, farin idonsa ya bayyana, an yi sauri ke nan, sai a koma matakin baya. Abubuwan firgita kuwa daga nesa ake fara nuna masa su, ganga ko lema ko keke mai ƙafa uku, a tazarar da zai iya kallo bai zabura ba, a ba shi tukwici a kan tsayuwar da ya yi, washegari a matso. Abin da ake shukawa a nan shi ne sabon hali gaba ɗaya: idan baƙon abu ya bayyana, maimakon ya nemi hanyar gudu, sai ya tsaya ya juyo da hankalinsa ga mutumin da ke tare da shi.

Akwai gwaje-gwajen da suka auna wannan. A 2010 Carol Sankey da abokan aikinta na Jami'ar Rennes a Faransa suka wallafa sakamakon wani gwaji da ƙananan dawaki 23. An koya musu su tsaya cik idan an ba su umarni da baki, su bari a goge su, a ɗaga musu ƙafa, a yi musu irin abubuwan da likitan dabbobi ke yi. Wasu ana ba su abinci idan sun yi daidai, wasu ba a ba su komai. Masu samun tukwicin sun fi saurin koyo, sun fi ƙarancin cizo da harbi, kuma bayan an raba su da mai horon na tsawon watanni sun tuna darasin, sun kuma riƙa matsowa kusa da ita, har ma da baƙin da ba su sani ba. Wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci ga dokin haya, wanda kullum baƙo ne a bayansa. A 2008 wani gwaji a Birtaniya da ƙananan dawakin da aka ceto daga wulaƙanci ya nuna waɗanda aka hora da tukwici sun fi son zuwa wurin horo, sun fi kuma ƙarfin halin tunkarar sabon abu. A 2018 kuma masu bincike a jami'o'in Sussex da Portsmouth suka nuna wa dawaki hoton fuskar mutum, wani a fusace wani yana murmushi. Bayan sa'o'i da aka kawo mutumin da kansa, fuskarsa ba yabo ba fallasa, dawakin da suka ga hoton fushi sun karɓe shi da ɗari-ɗari. Gwaje-gwajen nan ƙanana ne, kuma da dawakin Turai aka yi su, gaskiya ne. Amma duk sun fuskanci alƙibla ɗaya, kuma babu wani dalili na halitta da zai sa ƙwaƙwalwar dokin Jos ta bambanta da ta dokin Faransa.

Suka ta farko da kowane mai doki zai kawo ita ce ciyar da doki a hannu yana koya masa cizo da lalube aljihu. Wannan suka tana da tushe, domin haka take faruwa idan ana ba shi abu barkatai don sha'awa. Amma a lura da abin da ya faru a can: doki ya tura hanci, aka ba shi, to tura hanci aka koya masa. Ƙa'idar ta yi aiki, mai bayarwar ne bai san abin da yake koyarwa ba. Don haka darasi na biyu bayan taɓa sanda shi ne ladabin karɓa. Mai horo ya tsaya a gefen kafaɗa da jakarsa, doki ya yi ta shinshina bai sami komai ba, da zarar ya kawar da kai ya dubi gabansa sai ya ji ƙas. Cikin ɗan lokaci zai gane cewa kawar da kai ne ke buɗe jaka. Dokin da abinci ke ruɗa shi sosai, a ba shi abu mara daɗi sosai kamar ingirici, ko a ci gaba da jefawa a bokiti. Akwai kuma susa a gindin wuya, inda geza ta ƙare, wurin da dawaki ke sosa wa juna da haƙori. An auna an ga tana rage bugun zuciyarsu, ko da yake wani gwajin na Sankey ya nuna ba ta kai abinci saurin koyarwa ba.

Suka ta biyu ta fi zurfi, domin ta shafi yadda muke kallon iko: wai doki dole ya san maigidansa, idan bai ji tsoronka ba zai raina ka. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu nazarin kimiyyar hawan doki ta fito fili ta ce babu hujjar cewa doki yana ɗaukar mutum a matsayin wani doki da za su yi takarar shugabanci da shi. Raini tunani ne na ɗan Adam, mu muke jingina masa. Dokin da ya ƙi tsallaka kwata bai yi don ya kunyata mahayinsa a gaban 'yan mata ba, ruwan da ke ƙyalli a ciki ne bai yarda da shi ba. Kuma horo da tukwici yana da iyakoki masu tsauri: ba a ture mutum, ba a wuce shi a ƙofa, ba a motsi sai an gama hawa. Bambancin shi ne ana koyar da iyakar tun kafin a buƙace ta, maimakon a jira ya ƙetare ta a hukunta shi.

Wasu za su ce ai da wannan linzami da wannan ƙaimi kakanni suka ci yaƙi, wa ya isa ya gyara musu? Tarihin kansa ya ba da amsa, kuma Filato, inda Jos take, ita ce wurin da ya fi dacewa a ji ta. Kayan hawan da muke kira na gargajiya shigowa suka yi. Masanin tarihi Robin Law, a littafinsa na 1980 a kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya nuna cewa sirdi da likkafa irin na Larabawa sun yaɗu a wannan yanki ne wajen ƙarni na 13 zuwa na 14, kuma Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da zamanin Sarki Kanajeji. Kaya ne na fagen fama, inda barde yake da mashi ko takobi a hannu ɗaya, ransa kuma ya dogara ga doki ya tsaya nan take ko bakinsa zai yage. Wannan larura ta wuce. A kan duwatsun nan kuwa, Birom da Irigwe da Rukuba da Ron da Mwaghavul sun daɗe da nasu ƙananan dawakin, ƙuru, waɗanda suke hawa ba sirdi, ba likkafa, ba ƙarfe a baki, sai igiya a hanci. A haka suke farautar gayya a cikin duwatsu, a haka suka yi yaƙi, kuma har yau mahaya suna fitowa a bikin Nzem Berom. Wannan shaida ce ta gida cewa ana iya sarrafa doki cikin gudu ba tare da harshen ƙarfe a ganɗarsa ba. Ba ina cewa tsohuwar hanyar dutse duk tausayi ba ce. Turawan farko sun rubuta cewa a wasu wuraren ana tsaga fatar bayan ƙuru don mahayi ya sami wurin mannewa. Kowace al'ada tana da abin riƙewa da abin bari, kuma an bar wancan ba tare da hawa ya mutu ba.

Sukar da ta fi ƙarfi daga wurin masu aiki take fitowa. Ɗan wasan ƙwallon dawaki zai ce a cikin zango na minti bakwai, doki yana gudu yana juyawa yana gogayya da wani, ina lokacin miƙa karas? Ɗan sandan doki zai ce a tsakiyar taron da ya hargitse umarni ake bi nan take. Sun yi gaskiya, kuma duk wanda ya ce za a yi hawa ba tare da matsi da saki ba ya yaudari mutane. Kamazuru da ƙafa su ne harshen da mahayi ke magana da doki, ba za a jefar da su ba. Amma maganar a kan tushe ake yi, watannin farko da ake yi a ƙasa kafin a hau. Tukwici na koyarwa ne. Idan darasi ya zauna sai a riƙa rage shi, ya zama jefi-jefi, kamar yadda ba a raba wa ɗalibin da ya sauke alewar da aka lallashe shi da ita ranar da aka kai shi makaranta. Dokin da ya koyi ma'anar tsayawa da juyawa cikin natsuwa, taɓawa kaɗan ta ishe shi, kuma a filin wasa dokin da ke amsa taɓawa kaɗan ya fi wanda ke faɗa da linzami sauri, domin mai faɗa da linzamin yana ɓata ƙarfinsa wajen wurga kai. Aikin ɗan sanda ma a nan ya fi buƙatar wannan hanya. Ba a iya dukan doki har ya daina tsoron hayaƙi. Rundunonin doki irin na birnin Landan suna ɗaukar watanni suna saba wa dawakinsu da tutoci da ganguna da ihu mataki mataki, saboda sun san dokin da ya firgita a cikin taro ya fi taron haɗari.

Saura batun lokaci da kuɗi, kuma a nan ne nake ganin gyaran ya fi wuya. Wanda ya sayi duƙushi yana so ya hau shi a sallar bana, mai haya yana so doki ya fara mayar da kuɗin dusa, yaron barga kuma ana auna ƙwazonsa ne da saurin da ya sa doki ya yi laushi. Hanyar fin ƙarfi tana ba da abin da za a nuna cikin kwanaki, ta tukwici tana cin makonni ko watanni. Amma a kammala lissafin. A sa kuɗin jinyar mahayin da ya karye a kan kwalta, da gilashin motar da aka harba, da diyyar yaron da aka taka. A sa dokin da sai an kayar da shi da igiyoyi kafin a yi masa allura ko a cire masa kaska, har mai shi ya gaji ya daina kiran likita, ciwon da za a tare da wuri ya kashe shi. A sa wanda bakinsa ya mutu yana ɗan shekara shida aka sayar da shi a wulaƙance, alhali doki mai samun kulawa yana iya yin aiki har ya doshi shekara ashirin. Ga masu dawakin wasa da ake kawowa daga Ajantina ko Sudan a kan miliyoyin naira, asarar doki ɗaya ta fi kuɗin horon barga guda. Gaggawa tana da wata ɓarnar da ba a gani da ido: ƙasusuwan bayan doki ba sa gama ƙwari sai ya kai shekara biyar zuwa shida, don haka ƙaton mutum a kan duƙushi ɗan shekara biyu yana cin bashin da dokin zai biya daga baya. Watannin da aka yi ana horo a ƙasa su ne daidai watannin da jikinsa yake buƙata.

Tukwici ba ya maganin komai, kuma gara a faɗi haka. Dokin da ke da miki a ƙarƙashin sirdi, ko haƙorin da ya yi kaifi yana yankar kumatu, zai yi tutsu ko an ba shi buhun karas. Wannan aikin likita ne, kuma mutanen Jos sun fi na garuruwa da yawa kusa da likitocin dabbobi, ga Vom ga Jami'ar Jos. Dokin da ke jin yunwa ba ya koyo, rububi yake yi, don haka a ba shi ciyawarsa kafin a fara. Cikinsa ƙarami ne, an halicce shi ya yi ta tsinkar ciyawa mafi yawan yini yana tafiya, to wanda aka ɗaure a turke dare da rana aka cika shi da dawa, ranar da aka kwance shi dole ya yi hauka. Kuma mu mun fi son ingarma, ba mu cika yi wa doki fiɗiya ba. Ingarma yana horuwa sarai, amma yana buƙatar gwanin hannu, kuma bai kamata a ɗora masa ƙaramin yaro a wurin da goɗiya take kusa ba.

Mai cewa mutane ma ba su ƙoshi ba balle a damu da zuciyar doki, ya tuna cewa mutanen ne ake takawa. Addinan garin biyu kuma ba su bar wannan a buɗe ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska, Littafin Karin Magana kuma ya sa kula da ran dabba cikin halayen adali. Fuska kuwa ita ce wurin da bulalar mai fushi ta fi sauka.

Wanda ke da ikon sauya lamarin da sauri shi ne mai saye da mai haya. A yanzu abin da ake tambaya shi ne launi da tsayi da taƙama, akawal ne ko kili, ya iya zamiya ko bai iya ba. Akwai gwajin da ba ya cin minti goma. A kwance dokin a fili a ga ko zai zo wurin mai kula da shi ko zai juya masa baya. A ɗaga hannu kusa da kansa a ga ko zai fizge. A nemi a ɗaga ƙafafunsa huɗu ɗaya bayan ɗaya ba dabaibayi. A buɗe bakinsa a duba gurbin linzami da kusurwar leɓe ko akwai tabo, a cire sirdi a shafa bayansa. A buɗe lema a gabansa daga 'yar tazara. Uban da zai ɗora ɗansa a kan dokin hoto ranar sallah ba zai iya yin duk wannan ba, amma yana iya tsayawa ya kalli yadda mai dokin ke riƙe da shi kafin ya miƙa yaron: idan an naɗe ragama a hannu an ƙanƙame ta dab da haɓa, bulala kuma tana ɗaya hannun, to shi kansa mai dokin bai amince da shi ba.